Ƙyas Ɗaya da Baba Ya Bari

Duk wanda ya tashi a layinmu, da wuya a ce babu fuskarsa a cikin akwatunan hotunan Baba Ƙyas. Tun yana saurayi ya shiga ƙungiyar masu sha'awar ɗaukar hoto ta unguwarmu, lokacin da 'yan ƙungiyar ba su cika benci ɗaya ba, kuma bai bar ta ba sai da rai ya yi halinsa. A gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya, hoto kuwa so ne kawai. Sunan ma daga nan ya samo shi, don duk lokacin da zai danna kyamara sai ya taya ta da baki, ya ce "ƙyas!" kamar bai yarda za ta iya ita kaɗai ba.

Ranar Asabar da yamma muke haɗuwa a ƙuryar shagon Tela, tsakanin keken ɗinki da tarin ƙyallaye. Tela shi ne shugaba, saboda shagonsa ne. Malama, wadda ke koyarwa a makarantar bayan kasuwa, ita ce mai hankalin cikinmu. Ni kuma mai aski ne, shagona na kallon na Tela. Sai sauran jama'a. Sai kuma Injiniya.

Injiniya gyaran fanka da dutsen guga yake yi. Babu wanda ya naɗa shi injiniya, shi ya sayi fenti ya rubuta a saman ƙofar shagonsa, harafin ƙarshe ma bai samu wuri ba sai da ya lanƙwaso ƙasa. Kyamararsa ta fi ta kowa girma, amma duk hoton da ya ɗauko kamar cikin hayaƙi aka yi shi. Idan ya kawo, Baba Ƙyas zai karɓa da hannu biyu, ya juya nan, ya juya can, sannan ya tambaya cikin ladabi, "Ɗana, ta wane gefe ake kallonsa?"

"Baba, wannan ai sabon salo ne," in ji Injiniya. "Sai nan gaba duniya za ta gane."

Bayan rasuwar Baba da 'yan makonni, muna zaune jugum a shagon Tela, kowa na kallon kujerar da ya saba zama, sai ga matarsa ta yi sallama. Inna muke ce mata duka layin. Ta zo da wani abu naɗe a tawul, ta ajiye a kan teburin yanka ta warware. Tsohuwar kyamarar Baba ce, mai cin fim, igiyar wuyanta ta yi baƙi saboda shekaru.

"Akwai fim a ciki," in ji ta. "Saura hoto ɗaya tak. Ya ce mini ya ajiye shi ne don ya tara mutanen layin nan gaba ɗaya, da ku 'yan ƙungiya, ya ɗauke ku a wuri guda. Yana jiran ƙafarsa ta yi sauƙi. To, Allah bai nufa ba. Ku ɗauka masa, sannan a wanke fim ɗin duka. Ina so in ga abin da idonsa ya gani na ƙarshe."

Tela ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Za a yi, Inna," in ji shi. "Abu mai sauƙi ne. A jeru a ƙofar shagon nan, Malama ta danna."

"Amma a kula," in ji Malama. "Idan kyamarar nan ta faɗi bayanta ya buɗe, haske ya shiga, duk abin da Baba ya ɗauka ya tafi ke nan."

Sai muka ji an yi gyaran murya daga bayan tarin ƙyallaye. Na san wannan gyaran muryar sarai.

"Shugaba, ina da tambaya," in ji Injiniya yana miƙewa. "Ita Malama ba 'yar layin nan ba ce?"

"'Yar layin nan ce."

"To idan ita ta danna, wa zai ɗauke ta? Baba cewa ya yi gaba ɗaya. Ko akwai wanda ya ji ya ce gaba ɗaya ban da Malama?"

"Sai a sa kyamarar ta danna kanta," in ji wani.

"Abin danna kanta ya lalace tun kafin a haifi autata," in ji Inna.

Injiniya ya buga ƙirji har aljihunsa ya yi ƙarar kusoshi. "Shi ya sa Allah ya ajiye ni a layin nan. Zan ƙera injin da zai danna. Kuma ba a ƙofar shago ba, wannan hoton katin shaida ne. Daga sama za a ɗauka, kan rufin benen Gwaggo. Kuma ba tsayuwar kara-zube ba. Mutane za su jeru su fitar da siffar kyamara. Masu baƙaƙen kaya su zama jikinta, masu farare su zagaye a tsakiya su zama idonta. Duk wanda ya ga hoton nan sai ya cire hula."

"Injiniya," na ce, "fankar shagona da ka gyara, har yau baya take hura iska. Bango ke shan daɗi, ni ina gumi."

"Ka juya kujerar askin mana! Komai sai an koya muku?"

Da mu kaɗai ne da mun danne shi. Amma Inna ta riga ta yi murmushi, wanda rabon da mu gani tun kafin Baba ya kwanta. Ta ce, "Siffar kyamara! Da ya ji daɗin wannan." Daga nan muka haƙura.

Asabar da ta zagayo Injiniya ya shigo da injinsa a ka. Kan fanka ne da aka cire wa fukafukai, an ɗaura masa igiya, igiyar ta bi ta kan wani gwangwani ta riƙe cokali. A bayaninsa, idan fanka ta juya za ta naɗe igiya a hankali, igiya ta ja cokali, cokali ya sauka kan maɓalli, kafin nan kowa ya shirya. Malama ta hana a gwada da kyamarar Baba, sai aka ɗauko wata matacciya tawa.

"Ku matsa baya," in ji shi. "Ilimi zai yi aiki."

Ya murɗa. Ashe lamba uku ya sa. Fanka ta yi kukan kura, ta haɗiye igiya kafin ƙiftawar ido. Kyamarata ta tashi sama ta bugi silin. Igiya ta kamo hannun wata rigar da Tela ke ɗinkawa ta naɗe ta tamau. Cokali kuwa ya zagaya shagon ya dawo ya sauka a goshin mai shi, ƙwal!

Tela ya fizge waya daga bango. Ya ɗago rigar mutane, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Gwaji ne," in ji Injiniya yana dafe da ƙulu a goshi. "Ko jirgin sama sai da ya faɗo kafin ya koyi tashi."

"Da kai ne ka ƙera shi, da har yau a ƙasa yake tafiya," in ji Tela.

Ba a rufe baki ba sai ga matar Injiniya a bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu, gumi na tsatsafo mata.

"Baban yara, ina fankar ɗakina?"

"Tana bautar al'umma."

"Cokalina fa na juya miya? Igiyar shanyata fa? Na fito da wanki na tarar da ƙusa biyu suna kallona."

"Maman yara, tarihi ake kafawa a nan, ke kina zancen cokali."

"Tarihin ne ya fito maka a goshi?"

Ta kwashe igiyarta da cokalinta ta tafi. Fankar kam ta riga ta ƙone, sai ƙauri take. Bai damu ba. Washegari ya ɗauko wata daga cikin na mutane da aka kawo gyara, ya ce mai ita ba ya gari.

Saura Gwaggo mai bene. Gwaggo ita ke da gida mai hawa ɗaya tilo a layinmu, kuma ba ta yarda ko kaza ta hau rufinta ba, don nan take shanya. Muka je tare da Tela muka durƙusa muka gaishe ta, Injiniya ya zuba bayani.

"Na yarda saboda marigayi," in ji ta. "Amma sharaɗi biyu. Na ɗaya, kar a taɓa mini shanya. Na biyu, ni ce tsakiyar idon kyamarar nan."

"Gwaggo, tsakiya ai wurin Inna ne."

"To mu biyu. Ido ai yana da fari yana da baƙi."

Ranar da aka sa ta zo, tun da hantsi Injiniya ya kwashe allin Tela kaf ya zana ƙatuwar kyamara a kan titi. Ya rataya usur a wuya, ya sa farin wando sabo fil da baƙar riga, wai shi ya haɗa jiki da ido. Da rana ta yi sanyi mutane suka fara fitowa. Nan fa aka gane cewa ba kowa ne ya ji saƙon kaya ba, ko kuma sun ji sun yi biris. Mai nama ya zo da ja. Matan gidan kusa da famfo sun zo da atamfa iri ɗaya mai ruwan ɗorawa. Mai gyaran takalmi ya zo da rigar da ta taɓa zama fara.

"Kai ina zan sa ka?" in ji Injiniya. "Kai ba fari ba, kai ba baƙi ba."

"Sa ni a wurin tsatsa," in ji mai gyaran takalmi. "Ai tsohuwar kyamara ce."

Malama da kanta ta hau rufi ta kafa kyamarar Baba a kan sandarta mai ƙafa uku, ta saita ta tana kallon ƙasa, ta ɗaure ƙafa ɗaya da bulo. Ta sauko tana yi wa Injiniya kashedi har sau ba adadi. Shi kuma ya hau ya haɗa injinsa, wannan karon ya rantse lamba ɗaya zai sa.

Daga sama ya riƙa hura usur yana ba da umarni. "Mai nama, matsa hagu! Hagunka, ba hagun saniya ba! Masu ɗorawa, ku rabu, kun zama kamar an zubar da ƙwai! Wanzam, tsaya kan layi!"

"Mai aski nake!" na ɗaga murya.

"Daga nan sama duk ɗaya kuke!"

Gajeru suka ce ba za su tsaya bayan dogaye ba. Aka yi musu bayani cewa daga sama ake ɗauka, babu gaba babu baya. Masu sanƙo suka ji haka suka ce to su ba su yarda ba, sai an ba su lokaci su ɗauko hula. Da ƙyar da jiɓin goshi siffa ta fara fitowa. Gaskiya ta fi kama da buta, amma babu wanda ya faɗa.

Sai ga tankar ruwa ta shigo layin, direba ya danna oda.

"Koma baya!" in ji Injiniya daga sama. "Ba ka ga kyamara a gabanka ba?"

Direba ya leƙo da kai ya duba gabas da yamma. "Ni mutane nake gani."

"Mutanen su ne kyamarar!"

"To ka ce wa kyamararka ta ba ni hanya, masu gini na jirana."

Dole aka dare. Tanka ta wuce tana tangal-tangal, bututunta na baya na tsiyaya, ta wanke zanen allin nan tas kamar an aiko ta. Aka dawo kowa na neman inda yake tsaye ɗazu. Gwaggo ta ce an ci mata wuri. Yara suka fara kuka. Inna dai na zaune a kan kujerar roba a tsakiya, cikin fararen kaya, tana kallon ikon Allah.

"Ba komai!" in ji Injiniya. "Ku tsaya yadda kuke. Yanzu zan kunna, in sauko in shiga. Ku yi murmushi har sai kun ji ƙara."

Ya kai hannu zai murɗa ke nan, sai rediyon shagona ya yi ɗif. Firjin mai lemo ya yi shiru. An ɗauke wuta.

Layin gaba ɗaya ya ɗauki "Wayyo!"

"Injiniya, sauko," in ji Tela. "Malama ta hau ta danna, rana na tafiya."

"Shugaba, kana zaton injiniya na fita da dabara ɗaya? Akwai ta biyu. Zan ja igiyar da hannuna daga nan ƙasa."

Muka ga ya ɓace a bayan katangar rufi, yana ta ɗaure-ɗaure. Can sai ga igiya ta zuro har ƙasa, mai tsawo da kauri.

Matarsa ta kare ido da hannu. "Baban yara, ina ka samu igiya mai tsawo haka? Tawa tana gida na kulle."

"Injiniya ba ya rasa kayan aiki."

Ya juya zai sauko ta matakala, ya tarar da ƙofa a rufe. Gwaggo ta datse da kwaɗo tun da za ta fito, don gudun masu ɗauke-ɗauke, kuma ta ce ba za ta bar tsakiyar ido ta je buɗe wa kowa ƙofa ba, a ci mata wuri karo na biyu. Sai aka jingina masa tsanin mai fenti, ya sauko yana ɗaga wa jama'a hannu kamar wanda ya dawo daga duniyar wata.

Ya kutsa ya tsaya daidai bayan kujerar Inna, ya gyara wuyan riga, ya naɗe igiya a hannu.

"Kowa ya kalli sama! Haƙora waje! Bismillah!"

Ya ja.

Ba mu ji ƙyas ba. Abin da muka ji shi ne tas, tas, tas, ƙarar maƙalan shanya suna tsinkewa. Sai sama ta yi duhu. Zanin gado, tawul, labule, ɗankwali, singileti, safa, duk suka yo ƙasa kamar ruwan farko. Zanin gado ya lulluɓe matan ɗorawa su duka. Safa ta sauka a kafaɗar Malama. Wani ƙaton gajeren wando na mijin Gwaggo ya yi lilo a iska, ya zaɓi kan shugaban ƙungiya ya zauna daram, har da rufe tabarau.

"Shanyata!" Gwaggo ta ƙwala ihu. "Igiyar shanyata ya kwance! La'ananne! Sharaɗi biyu kacal na ba ka!"

"Aro na yi, Gwaggo, ban taɓa kayan ba, igiyar kawai na taɓa!"

Ana cikin dariya da zage-zage, sai Malama ta yi wata irin ƙara da ta tsayar da kowa. Ta nuna sama. Igiyar ta fizgo sandar kyamara, ƙafa biyu sun tashi, ta kwanto kan bakin katanga. Kyamarar Baba na reto a waje, bulo ɗaya ne kawai ke riƙe da ita, shi ma yana matsowa a hankali.

Inna ta miƙe tsaye, ta ɗora hannu biyu a ka.

Ban taɓa sanin Injiniya na da gudu ba sai ranar. Kafin wani ya motsa ya kai tsani, yana hawa yana ihu, "Kar kowa ya taɓa! Aikin ƙwararru ne!" Mu kuma muka bi umarninsa sosai, har ba a samu wanda ya riƙe masa tsanin ba. Ya kai ƙarshe, ya miƙa hannu, ya cafko kyamarar daidai lokacin da bulo ya sake ta. Sanda ta faɗo ta tarwatse a ƙasa. Tsani kuma ya ce shi ma ya gaji, ya zame gefe ya kwanta.

Allah ya sa akwai indararo na ƙarfe a bakin rufin Gwaggo. Shi ya soki bayan wandon Injiniya ta wajen ɗamara ya riƙe shi. Sai ga mutum rataye kamar rigar da aka shanya, kai ƙasa, ƙafafu ƙasa, tsakiya sama, kyamara rungume a ƙirji, usur na lilo a wuya.

"Saki kyamara ka kama ƙarfe!" in ji Tela, ya manta da abin da ke kansa.

"Ba zan saki ba!"

"Baban yara, saki mana! Wa zai riƙe mini yaran nan?"

"Na ce ba zan saki ba! Amanar Baba ce!" Ya leƙa ƙasa. "Amma dai ku yi sauri!"

Ƙyaaat! Wando ya fara magana.

"Wa ya ɗinka maka wandon nan?" in ji Tela. "Ba ni ba ne dai!"

"Shugaba, yanzu lokacin talla ne?"

Malama ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta fizge zanin gadon Gwaggo daga kan matan ɗorawa ta ce kowa ya kama. Mai nama, mai gyaran takalmi, ni, Tela, matan famfo, masu sanƙo da masu hula, har Gwaggo da ke zagi, kowa ya kama gefe aka ja ya yi tsam. Inna ma ta kama kusurwa ɗaya. Duk muka ɗaga kai.

Takalmin Injiniya ɗaya ya zame ya yo ƙasa. Wando ya ƙara cewa ƙyaaat. Ya firgita ya dunƙule, haɓarsa ta daki saman kyamara.

Ƙyas!

Kowa ya ji. Babu wanda bai ji ba.

Sannan wando ya sallame shi. Ya faɗo tsakiyar zani tim, ya yi sama ya dawo, muka zube gaba ɗaya a kan titi mai laka. Da muka warware shi, yana kwance da gajeren wando, idanu a rufe, hannu biyu a sama riƙe da kyamara. Malama ta karɓa ta duba gaba da baya. A rufe take ruf, ko ƙwarzane babu. Farin wando kuwa yana can sama kan indararo, iska na kaɗa shi.

Injiniya ya buɗe ido ɗaya. "An ɗauka?"

"An ɗauka," in ji Malama. "Allah kaɗai ya san me."

Ya tashi zaune, ya ja labulen Gwaggo ya ɗaura a ƙugu. "To ai shi ke nan. Daidai yadda na tsara."

Gwaggo ta bi shi da takalminsa har ƙofar gida.

Da aka wanko hotuna, Tela ya share shago, muka ja zare daga bango zuwa bango muka rataye su a jere. Layin duka ya zo, har direban tanka. Aka bar Inna ta fara shiga. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya a hankali. Ga kyanwar gidansu kwance a kan taga. Ga layin bokitai a bakin famfo da safe. Ga kujerar shagona da wani yaro yana kuka ana masa aski. Ga sandar Baba jingine da ƙofa. Sauran kuwa kusan duk ita ce: tana tsintar wake, tana zura zare a allura ta ƙanƙance ido, tana gyangyaɗi a kujera kusa da gadonsa da mafici a hannu.

"Ashe ba barci yake ba," in ji ta a hankali. Ta share ido da bakin mayafi.

Sai ta iso na ƙarshe, wanda Malama ta sa aka yi babba.

Hoton ya fito tar, ko ɗigon hayaƙi babu. Farin zani a tsakiya, mutanen layinmu zagaye da shi, kowa ya ɗaga kai baki buɗe. Wasu ihu, wasu dariya, Gwaggo kuma ana ganin zagin a leɓenta. Tela da gajeren wando a ka kamar hular girma. Mai nama ya rufe ido ɗaya. Inna a kusurwa ta dage da ƙarfinta. Takalmi ɗaya tsaye a iska. Daga gefe biyu na hoton kuma, ga wasu siraran ƙwauri sun leƙo.

Inna ta kalla, ta ƙara kalla. Kafaɗunta suka fara rawa. Sai ta fashe da dariya har sai da aka kawo mata kujera, tana nuna Tela tana kasa magana. Shago ya kaure.

"Kun gani?" in ji Injiniya, ya kutso gaba. "Ku ƙirga! Akwai wanda babu? Malama na ciki, ni ina ciki. Kuma ku dubi siffar: fari a tsakiya, mutane a zagaye. Idon kyamara ke nan! Wa ya ce ban iya ba?"

"Ina kake a ciki?" in ji direban tanka.

"Ga ni nan, hagu da dama. Ni kaɗai na fito sau biyu."

Da dariya ta lafa, Inna ta ɗauko kyamarar, ta ce ta bar wa ƙungiya. Injiniya ya goge tafin hannu a riga ya miƙo su biyu. Ta zagaye shi ta ba Malama. Sannan ta ciro wani ƙulli daga jaka ta ɗora masa a hannuwan da ke miƙe.

"Kai kuma ga naka, ɗana. Ka riƙe amana da ka da ƙafa, na gani da idona. Na ji Gwaggo ta ce wandonka ba zai sauko ba sai damina ta sauko da shi."

Ya warware. Wandon Baba ne na zuwa aiki, mai kauri kamar buhu, da ɗamarar fata.

Injiniya ya rungume shi a ƙirji. Ya shiga bayan labulen gwaji ya fito sanye da shi. Baba gajere ne, wandon bai kai masa ko idon sawu ba, ya tsaya can tsakiyar ƙwauri.

"Kawo in sake maka ƙafar," in ji Tela yana laluben almakashi.

Injiniya ya ja da baya, ya soka hannu a aljihu, ya ɗaga haɓa.

"Kar ka kuskura, Shugaba. Duk ƙungiyar nan ni kaɗai aka bar wa gadon da ake sawa. Kuma haka manyan masu hoto ke sa shi."

"To Allah ya sanya albarka," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Idan manyan masu hoto sun gama, mai fanka ya dawo gari, yana zaune a ƙofar gida tun azahar."